Shekarar da Na Zuba Aikin Malam a Kwamfuta

Da na gama takaba na koma gidanmu a Ƙofar Durbi da akwati biyu da buhun kwanuka. Mijina ya rasu a haɗarin mota, shekara biyu da ɗaurin aurenmu, ba mu samu haihuwa ba. Inna ta share mani ɗakin da na tashi a ciki, ta shimfiɗa sabuwar leda. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta yabon haƙurina don ba su ga ina kuka ba. Ni na san ba haƙuri ba ne. Idan an kawo abinci in ci, idan an kira salla in tashi in yi, idan an yi mani magana in amsa. Ban da wannan ba abin da ke motsi a cikina. Ko gishiri ya yi yawa a miya, sai Inna ta faɗa nake sani.

Mahaifinmu ya bar mana shagon ɗinki a Ƙofar Marusa. Shago ake ce mashi don an saba, amma ɗakuna uku ne da babbar rumfa a gaba. Manyan riguna da kaftani ake ɗinkawa, a yi masu aiki, 'yan kasuwa su zo su ɗiba su kai wasu garuruwa. Masu keke suna cikin ɗakuna, masu aikin hannu suna rumfa a kan tabarma, kowa da riga a cinya da allura a hannu. Tun rasuwar mahaifinmu yayana ke riƙe da wurin.

A watan da na dawo gida ne Yaya ya sayo injin aiki na kwamfuta. Ya daɗe yana ƙorafin cewa 'yan kasuwa sun fara kai shaddodinsu Kano, inda inji ke gama aikin riga a yini ɗaya, mu kuwa a nan sai a yi sati uku ana kan wuya guda. Sai da ya sayar da gonar da mahaifinmu ya bari. Ranar da ya zo neman yardata ya zauna bakin ƙofar ɗakina ya yi dogon bayani, na ce mashi to. Ya ce in yi tunani tukuna, don ina da haƙƙi a gonar. Na ce na yi.

Ban ga shigowar injin ba, labari nake ji a tsakar gida. Sai da aka fasa bangon ɗaki ɗaya kafin ya shiga. Wani mutum ya biyo shi daga Kano, ya haɗa shi, ya kwana uku yana koya wa ɗaya daga cikin masu keke yadda ake sarrafa shi. Injin ya zo da zane-zanensa a ciki, furanni da ganyaye, irin waɗanda duk mai inji yake da su. Yaya bai so su ba.

Wata rana bayan la'asar ya shigo da ƙaramar kwamfuta, irin ta ɗorawa a cinya, ya ajiye ta a gabana a kan tabarma.

"Kin ga, abin da ke kawo mutane wurinmu aikin gidanmu ne," in ji shi. "Shi nake so injin ya riƙa yi. Mutumin Kano ya ce in tura mashi hotuna ya zuba mani su, amma in na ba shi, gobe sai in gan su a kowace kasuwa. Ke kin yi karatun kwamfuta."

"Buga takardu na koya, Yaya."

"Duk kwamfuta ce. Ki gwada. Ko ba komai kin samu abin da zai ɗauke maki hankali."

Inna tana gefe tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni. Na gane sun riga sun yi maganar a tsakaninsu. Na jawo kwamfutar na buɗe.

Akwai manhaja a ciki ta zana aiki. Na yi sati biyu ina kallon bidiyo a waya, wasu mutane can wata ƙasa suna nuna yadda ake yi, yawancin maganarsu ba na ji, hannunsu kawai nake bi. Abin ba wuya kamar yadda na zata. Za ki ɗauki hoton riga, ki sa a fuskar kwamfuta, ki bi gefen zanen kina ɗiga ɗigo, ɗigo bayan ɗigo, sannan ki ce a cika tsakiyar da zare. Aikin ya yi mani daidai, don ba ya neman komai a wurina sai ido da yatsa. Nakan zauna da hantsi, in ɗago in ji ana kiran azahar.

Na fara da wata tsohuwar rigar mahaifinmu mai aska biyu. Da na gama na zuba a filash, ɗan abin nan kamar yatsa da ake soka wa inji, Yaya ya tafi da shi. Da yamma ya dawo da ƙyallen shadda a hannu. Zanen ya fito, amma shaddar ta tattare a kewayensa kamar bakin jaka, zaren kuma ya daskare wuri guda, ba haske. Ya ce sau bakwai zare yana tsinkewa. Ya jefa ƙyallen a kan tabarma, ya tsaya yana jiran in ce wani abu. Na ɗauka na juya shi, na ajiye.

"Gobe zan turo maki Malam," ya ce.

Malam shi ne babban mai aikin hannu a shagon. Kowa Malam yake ce mashi, mu 'ya'yan gida kuwa Baba muke kiran shi idan muna gabansa. Daga ƙauye ya zo cin rani tun yana saurayi, yana dako a kasuwa, mahaifinmu ya gan shi yana ɗinke tsagar buhu ya ce ya zo ya koyi allura. Tun kafin a haife ni ke nan. Yawancin zanen da aka san shagonmu da su shi ya ƙirƙiro su. Iyalinsa suna ƙauye, shi yana haya a wani ɗaki wajen Ƙofar Kaura, yana zuwa gida da salla da kuma lokacin girbi.

Ya iso da hantsi, ya yi sallama a zaure. Inna ta sa aka shimfiɗa mashi tabarma, ni na fito da hijabi na ajiye kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunne.

"Ina kwana, Baba?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida? Ya jikin Hajiya?"

"Lafiya lau, da sauƙi."

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. Yaro mai ladabi."

"Amin."

Ya zo da wani akwatin ƙarfe da fentinsa ya goge. Ya buɗe, cike yake da takardun buhun siminti, an yanka su an ninke, kowace da zane a jiki da biro. Wasu sun yi laushi kamar tsumma. Ya ajiye su gefe, ya ɗauki ƙyallen da injin ya ɓata, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Kin cika wurin kamar mai shafa fenti," ya ce. "Zare kwanciya yake yi, kuma ba gefe guda yake kwanciya ba. Dubi rigar Alhaji, mahaifinku. Nan ya kwanta ya nufi kafaɗa, nan ya juyo ya nufi ƙirji. Shi ya sa in mutum ya motsa sai rigar ta yi walƙiya. Sannan daga ina injin naku ya fara?"

"Daga gefe."

"To shi ne ta tattare. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, shadda ta samu inda za ta gudu."

Na nemi inda ake juya kwanciyar zare a manhajar, na samu. Na nuna mashi. Bai taɓa kwamfutar ba, ranar da ma duk sauran ranakun. Ya zaro tsinke daga tsintsiyar da ke jingine a zaure, da shi yake nuna mani wuri, yana tsayar da shi dab da fuskar kwamfutar ba tare da ya taɓa ba. Nan ki karkata kaɗan. Nan ya yi yawa, rage, allura za ta ci shaddar. Nan a fara shimfiɗa zare a ƙasa kafin a rufe. Abin da hannunsa ya sani ba tare da ya taɓa faɗa wa kowa ba, yanzu sai ya nemo mashi kalma, wani lokaci ya rasa, sai ya ciro allura daga hularsa ya yi mani a kan ƙyalle in gani.

Haka muka riƙa yi, kullum da hantsi ban da Juma'a. Inna takan aiko mashi da kunu da ƙosai. Ba ma hira. Shi ba mai yawan magana ba ne, ni kuma ba ni da abin faɗa. Wata rana da muka gama aska biyun, na danna wurin adanawa, sai ya tambaye ni.

"Yanzu wanga da kika zuba, ya zauna ke nan?"

"Ya zauna, Baba."

"Ba ya gogewa?"

"Sai in an goge shi."

"Ko ba ni nan, injin zai yi shi haka?"

"Zai yi."

Ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Ya ninke takardar ya mayar akwati. Daga baya na yi tunanin da wata ce da ta sassauta amsar, ta ce ai ba inji da zai kai hannunka. Ni ban ce ba. Abin da ya tambaya na faɗa mashi.

Ranar gwaji Yaya ya ce in zo shago in gani da idona. Ita ce fitata ta farko tun da na dawo gida. Injin ya cika ɗakin daga bango zuwa bango, kawuna shida a jere, kowane da zaruruwa a tsaye a samansa. An ɗaure shadda shida a firam, ƙarfen da ke riƙe yadi a miƙe. Janareto yana ruri a bayan shago. Mai sarrafa injin ya soka filash, ya danna, sai allurai shida suka sauka lokaci guda. Ƙarar kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Masu keke suka tsayar da kekunansu, masu aikin hannu suka taso daga rumfa suka cika ƙofa da taga, wasu da allurarsu a hannu.

Kafin azahar an gama. Wuya shida, abin da Malam zai yi wata huɗu yana yi shi kaɗai. Yaya ya kwance ɗaya ya miƙa mashi da hannu biyu. Malam ya fita rumfa inda haske yake, muka bi shi. Ya karkata shaddar, zaren ya yi walƙiya. Ya juya bayanta ya duba, ya murza da babban yatsa. Ya sa aka kawo sauran biyar ya jera su a kan tabarma.

"Ya yi," ya ce.

Yaya ya yi hamdala da ƙarfi, mutane suka fara yi mashi barka. Malam bai tashi ba. Ya yafito ni, ya nuna bakin askar hagu, inda layin ya ɗan kauce kamar faɗin ƙwayar gero. Ya nuna shi a ta biyu, da ta uku, har ta shida.

"Wanga kuskurena ne, a rigar Alhaji. Ranar ina da zazzaɓi. Kin kwashe shi ke nan har da shi."

"A bar shi, Baba," in ji Yaya yana dariya. "Wa zai gani?"

"Ni na gani. Ki gyara, ɗiyata."

Na buɗe kwamfutar a nan rumfar, na jawo ɗigo biyu, layin ya miƙe. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Na nuna mashi, ya duba, ya ce to.

Muka ci gaba da zuba sauran. Yaya yana gaggawa, don labari ya bazu kuma salla na tafe. Wata safiya Malam ya zaro wata takarda ya buɗe rabi, sai ya tsaya, ya fara mayar da ita akwati. Amma na riga na gani. Tambari ne zagayayye na bayan riga, da wasu ƙananan ganye takwas a kewaye, kowane ya karkata ya bi na gabansa. Shi ne aikin rigar da mijina ya sa ranar ɗaurin aurenmu. Mahaifinmu yana da rai lokacin da aka sa rana, shi ya ce Malam ya yi wa angon zanen da ba a taɓa yi wa kowa ba. Bayan rasuwar, da aka raba kaya, rigar ta tafi wurin ƙanensa.

"Mu bar wanga," in ji Malam. "Na manta yana ciki."

"Kawo, Baba."

"Akwai wasu da yawa."

"Shi ma ai aiki ne. Kawo."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya miƙo. Na shimfiɗa takardar a ƙasa na ɗauki hotonta. Kwana biyu na yi a kanta. Na san inda kowane ganye ya tsaya a bayan mijina, don na sha goge rigar da kaina. Ina bin layin ina jiran in ji wani abu, a ƙirji ko a maƙogwaro. Abin da na lura da shi kawai shi ne ganye na biyar ya fi sauran siranta, sai na rage mashi zare. Malam bai ɗauki tsinkensa ba a kwana biyun nan. Da na gama na juyo mashi kwamfutar, ya kalla, ya ce ba gyara.

Da Yaya ya ga abin da ke cikin filash ɗin ya dawo gida da wuri. Ya tsaya a tsakar gida ya ce in ba na so ba za a yi shi ba, har abada, shi ba ya son abin da zai taɓa mani rai. Na ce a yi. Inna ta ce, "Ke kuwa 'yar nan." Na ce ba komai, Inna. Aka yi shi. Cikin duk zanen da muka zuba shi ya fi karɓuwa. Angwaye suka riƙa zuwa suna nuna shi, wasu su sa a yi wa abokansu gaba ɗaya iri guda.

A cikin wata uku muka gama akwatin. Ranar ƙarshe Malam ya rufe shi ya tura ƙarƙashin bencin zaure, ya ce ya zauna nan, ɗakinsa akwai gara. Daga ranar ya daina zuwa gida.

Abin da ya faru a shago bayan haka a bakin Yaya nake ji, sai kuma idan na je kai filash. Ba a kori kowa ba. Aikin hannu ne kawai ya daina zuwa. Mai son riga ya ga zai samu irinta a kwana biyu, me zai sa ya jira wata guda. Masu aikin rumfa su bakwai ne. Ɗaya ya samu babur ya fara acaba. Biyu suka koma ƙauye da damina ba su dawo ba. Ɗaya ya roƙi a koya mashi injin, aka koya mashi. Sauran ban san inda suka yi ba. Duk wanda zai tafi sai ya biyo gida ya yi wa Inna sallama, ni ma in fito mu gaisa, ya ce a yafe juna, in ce ba komai, Allah ya ba da sa'a. Ɗayansu, wani mai yawan raha da, bai ko kalle ni ba da muke gaisawa. Na lura, na koma ɗaki na ci gaba da aiki.

Saura Malam shi kaɗai a rumfa. Yaya ya rasa yadda zai yi da shi.

"Mutumin Alhaji ne," ya ce wa Inna. "Ko ba ya yin komai ba zan ce ya tafi ba. Amma shi ba ya iya zama haka. Jiya na same shi yana share gaban shago."

Daga ƙarshe suka samu abin yi. Idan inji ya gama riga yakan bar jelar zare nan da can, tsakanin ganye da ganye, sai an bi da ƙaramin almakashi an datse. Malam ya karɓi wannan. Duk lokacin da na je zan same shi a tabarmarsa ta da, riguna jibge a gefensa, ya sunkuya yana datsewa, guntayen zare sun manne mashi a gwiwa da gemu. Mu gaisa. Wani lokaci ya ce, "Zaren wanga ya yi sako-sako, ki ce su ƙara ɗaure shi." In faɗa wa mai injin.

Bayan babbar salla Yaya ya shigo gida ransa a ɓace, da wata riga a hannu da ya sayo a kasuwa. Yadi ne mai araha, zaren kuma mai ƙyalli irin na leda, amma tambarin nan ne mai ganye takwas, ba ko tantama. Wani ya kwafi filash ɗin ya sayar. Yaya ya zargi mai sarrafa injin na farko, suka yi cacar baki, mutumin ya rantse ya bar aiki, har yau ba a san gaskiya ba. Ya yi ta faɗa a tsakar gida, yana cewa abin da ya guje wa ke nan tun farko. Na karɓi rigar na duba. Sun ƙara girman zanen ba su ƙara zare ba, shi ya sa yadin ke leƙowa ta tsakiya. Na faɗa mashi haka. Ya kalle ni kamar bai san ni ba.

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

Na ninke rigar na miƙa mashi.

Daga nan na fara ganin tambarin ko'ina. A bayan masu zuwa masallaci ranar Juma'a, a rataye a shagunan bakin titi, a hotunan biki da ake turowa a waya. Idan na gan shi idona kan tafi kan ganye na biyar in ga ko namu ne ko na kwafi. Sau ɗaya ne kawai abin ya zo daban. Ina cikin napep zan je shago, wani mutum a kan babur ya shiga gabanmu, sanye da farar shadda da aikin ruwan toka, kalar rigar mijina. Iska ta cika rigar, tambarin ya buɗe sosai a bayansa. Tsayinsa da faɗin kafaɗarsa ma kusan ɗaya. Na bi shi da ido har ya karya kwana wajen Ƙofar Marusa ya ɓace. Sai da mai napep ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ina ne za ki sauka?" na ga mun wuce shagon da nisa. Ya tsaya gefen titi ya jira ni. Can na ce ya juya. Da na isa shago na miƙa filash, na gaida Malam, na dawo gida na ci tuwo.

Malam ya tafi da farkon damina ta gaba. Ya zo da hantsi ya yi wa Inna sallama daga zaure, ita tana daga ciki. Ya ce ƙanensa da ke riƙe da gona ya rasu, ba mai dubawa, idonsa kuma ya fara gajiya, har almakashin ma yana datse inda ba a ce ba. Inna ta yi kuka, ta ce shekara nawa ana tare. Ya ce ba abin da ya gani a gidan nan sai alheri. Yaya ya haɗa mashi kaya, ya ce shi zai kai shi tasha.

Na fito muka gaisa. Ya ce, "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Hannunki yana da tsabta. Da namiji ce ke, a wancan zamani, da na koya maki allura."

"Na gode, Baba. A yafe mani."

"Mi kika yi mani?"

Ya yi mani addu'a Allah ya ba ni miji nagari, na ce amin. Ya sa takalmansa ya fita, Yaya yana biye da shi da buhu a kafaɗa.

Yana nan da ransa. Da kaka yakan aiko mana da gyaɗa da wake, Yaya kuma yakan kira shi a waya su gaisa. Shagon ya tsaya da ƙafarsa, an ƙara inji na biyu, an toshe rumfar da bulo an mai da ita wurin guga. Ni ban sake aure ba tukuna. Yanzu nakan ji idan gishiri ya yi yawa, nakan yi dariya idan abin dariya ya zo, amma ban san ranar da hakan ya fara ba, kuma ba kullum ba ne.

Wajen wata biyu da tafiyar Malam wata mata ta yi sallama gidanmu. Ta ce mijinta yana da shagon ɗinki a Ƙofar Kaura, shi ma ya sayo inji, an ce masu ni nake zuba aiki. Suna da nasu zanen na gado, kuma akwai wani dattijo a shagon da ya san kansu, tun zamanin surukinta yake wurin. Ta tambaya ko zan yi masu, in ya so dattijon ya riƙa zuwa yana nuna mani. Na ce sai na tambayi Yaya. Da ya dawo na faɗa mashi, ya ce ba laifi, tun da ba namu zan ba su ba. Washegari matar ta dawo jin amsa, na ce ta turo shi ranar Asabar da hantsi.